Randar Malami a Kife

Asabar, bayan azahar

Alhamdulillahi. Mata biyu daga cikin motar Is'haƙa sun fito. An ce da ƙafa suka iso Gatawa jiya, ɗaya da goyo a bayanta, kuma goyon yana nan da ransa. Jabir mai kilishi, wanda rumfarsa ke jingine da tawa, shi ya kawo mini labarin yana haki kamar shi ya goyo su. Na zauna a kan buhun dabino. Ban tambaye shi sauran ba, shi ma bai faɗa ba.

Tun ranar nan ban ci abin kirki ba sai yau. Na aika aka sayo mini tuwo da miyar kuka, na cinye tas har na suɗe hannu.

Bari in rubuta yadda abin yake ko zuciyata ta sauka, tunda babu sabis balle in kira 'yata Naja'atu a Isa in cika mata kunne. Ni Kande, tsaraba nake sayarwa a bakin tashar Sabon Birni: dakuwa, ƙuli-ƙuli, dabino, cuku, man shanu, zuma, faifai. Rumfar ta babana Malami ce, Allah ya jiƙansa. Ɗan gari ba ya sayen tsaraba, wa zai kai wa? Duk layin nan da baƙo muke ci. Dangi daga Tibiri da Maraɗi masu zuwa biki ko ta'aziyya, masu zuwa ganin kufan Alƙalawa inda kakanninsu suka zauna, 'yan makaranta masu ɗaukar hoton kowane kango, fatake ranar kasuwa. Kowa in zai koma sai ya riƙe wa na gida wani abu, mu kuma muna nan muna jiransa.

Babana ya kafa wata ƙatuwar baƙar randa a ƙofar rumfa, da moɗa a kanta, kowa ya sha kyauta. Shekarar amai da gudawa ya kife ta don kada wani ya sha ya kamu. Direbobi suka gani suka wuce ba su tsaya ba, suka kai labari har ƙetare. Daga nan ta zama alama. In randar Malami tana tsaye tana gumi, gari lafiya, hanya lafiya. In a kife take, kowa ya kama kansa. Da aka yanke sabis ma, sai mutane suka fi yarda da ita fiye da rediyo.

Ranar nan tana tsaye. Ni na cika ta da hannuna. Is'haƙa direba, wanda yake kawo mana baƙi daga Maraɗi tun yana karen mota, ya tsaya, fasinjansa suka sha, suka sayi dakuwa, suka kama hanyar Gatawa zuwa Isa. Kafin la'asar labari ya zo an tare motar an shige daji da su, na kife ta. Haka take har yanzu.

Lahadi, da hantsi

Na share gindin randa, ban taɓa ta ba. Gari shiru, amma shirun lafiya ne. Alhamdulillahi.

Litinin, bayan la'asar

Motoci sun fara wucewa, a jere, da rakiyar jami'an tsaro gaba da baya. Ban san ina son ƙarar mota haka ba sai yau. Da na ji hon na farko sai da na fito da tsintsiya a hannu ina kallo kamar baƙauya.

Sai dai kowace ta zo daidai rumfata sai ta rage gudu, direba ya leƙo, ya ga gindin randa a sama, ya taka wuta. Jabir ya bi ɗaya da tiren kilishi har bakin kwalbati, ya dawo da abinsa gumi sharkaf.

Ya ce, "Gwaggo, don girman Allah ki tada randar ga. Ko guda ba ta tsaya ba. Kilishina shina ta bushewa."

Na ce, "Kilishinka tun ran da anka haihe shi busasshe na. Wanda yas saya bara har yanzu shina tauna."

Da can da ya rama, don bakinsa bai mutu ba. Yau sai ya ce, "Yara na gida, Gwaggo. Ba su cin wasa."

Wannan ta shige ni. Na ƙulle masa ƙuli-ƙuli ya kai musu. Ya karɓa bai yi godiya ba, ban kuma ga laifinsa ba.

Ranar kasuwa, da yamma

An ci kasuwa, in za a kira wannan kasuwa. 'Yan gari ne da na ƙauyukan kusa, kowa ya sayi gishiri da magi ya juya da wuri. Ina zaune ina kora ƙuda daga zuma. Wata ta tsaya ta taɓa faifai, na miƙe da fara'ata, ashe inuwa take nema.

A irin wannan lokaci na bazara, da tuni muryata ta dushe. An gama aikin gona, ana ta bukukuwa, motocin ƙetare cike da mata masu ƙamshin turare, suna ciniki da sefa suna kirana madam. Mai canji ba ya samun zama. Yau yana barci a kan bencinsa da hula a fuska. Atiku mai malfa ya tattara malfunansa ya rataye a ciki, ya baza omo da ashana a waje. Ya ce mini kunya ba ta cika tukunya. Mai hoton da ke raka baƙi kufai an ce ya tafi Sakkwato neman aikin gini.

Zafi kuwa ba ruwansa da halin da muke ciki. Dakuwa ta fara canja wari, man shanu ya narke ya daskare ya sake narkewa, na fasa dabino ɗaya na ga baƙin ƙwaro ya riga baƙo.

Amma duk wannan ba komai. Wani tsoho daga cikin motar ya fito, mutumin Tibiri. Na tuna shi, shi ne ya sha moɗa biyu ya sa wa babana albarka. An ce ba ya magana sosai amma yana cin abinci. Alhamdulillahi, alhamdulillahi.

Juma'a, bayan an sauko masallaci

Naja'atu ta zo. Ta biyo jerin motocin rakiya daga Isa, ta wannan hanyar. Da na gan ta a ƙofar rumfa na rungume ta, sannan na zage ta tas, sannan na sake rungume ta. Ta yi ƙiba, cikin ya fito.

Ba gaisuwa ce ta kawo ta ba. Mijinta Nasiruddeen ya samu wanda ke son rumfar, zai mai da ita wurin cajin waya da sayar da ruwan leda. Ni kuma in koma Isa in zauna da su, akwai ɗaki.

Ta ce, "Inna, baƙi sun ƙare. Ko hanya ta gyaru, wa za shi taso da iyali don ganin kango? Yanzu biki ma ta waya aka aiko gudummawa. Baƙo raɓa na, Inna. Ki dubi shagon Nasiru, shinkahwa da mai da sabulu, ko ana mi sai an saya."

Na ce, "Raɓar ga ita ta yi maki kayan ɗaki."

Ta ce, "To ki tada randa mu gani."

Na juya ina gyara faifai. Yarinyar nan ta san inda ake taɓa ni, ni na haife ta. Ta ce ba ta son ta haihu ina nan ni kaɗai ina gadin tukunya a kife. Na ce ta ba ni lokaci in yi tunani. Na riƙe ta sai gobe, ba za ta bi hanyar nan da yamma ba ko za ta mutu da fushi.

Asabar, da azahar

Ta tafi da safe. Wani ɗan acaɓa da ya dawo ya ce ya gan ta ta sauka a Isa. Sai a lokacin na karya kumallo.

Litinin, da hantsi

Maryamu! Ina shara na ji an ce, "Salamu alaikum masu rumfa," na ɗago na gan ta da ƙwarya a kai. Ita ce Bafillatanar da ke kawo mini cuku da man shanu daga rugarsu ta wajen Burkusuma, tun muna da sauran ƙuruciya. Na riga na sa ta cikin waɗanda nake yi wa addu'a ba na kiran suna. Ta rame, amma ita ce, da haƙoranta da tsiwarta.

Ta ce sun tashi daga rugar sun matso kusa da iyaka, shanu sun ragu, bari dai. Ni ma na ce bari dai. A hanyar shigowa gari wasu sun bi ta da ido har ta ji kamar ta juya. Wannan ya ƙona mini rai. Matar da rabin layin nan suka ci man shanunta bashi.

Ta ce, "Kande, kin san har Maraɗi zancenki aka yi? Duk tasha ana hwaɗin randar Malami kihe take. Akwai masu biki nan garin, danginsu sun ɗaure kaya sun kwance. Sun ce sai randa ta tashi."

Na ce, "Ni na hana su?"

Ta ce, "Awo, ke ta."

Sai ta ce ƙishirwa take ji. Na shiga ciki na ɗebo mata a jarka, ruwa ɗumi kamar na wanka. Ta kalli kofin ta kalli randa ta ce, "Yau ni aka ba ruwan ɓoye?" Ta sha dai. Kunya ta kama ni har wuya.

Na karɓi cukun duka ko da yake ban san wanda zai saya ba. Ba za ta koma da shi a ka ba bayan wannan tafiya.

Talata, bayan la'asar

Yau na yi dariya har da hawaye, Allah ya yafe mini. Jabir ya je ya sayo sabuwar randa ja, ya kafa a gaban rumfarsa, ya cika ta, ya ɗora moɗa mai walƙiya, ya zauna yana gyara hula. Motar farko ta rage gudu. Jabir ya miƙe. Direban ya leƙo ya dubi tasa, ya dubi tawa, ya ce, "Wagga ba ta Malami ba ta," ya ja motarsa.

Kama da wane ba wane ba ne. Zuwa azahar awakin tasha sun gano ta, su kam ba su tambayi ta wace ce ba.

Da na gama dariyar sai na ga yana kwashe kilishin da bai sayar ba yana mayarwa a kwali a hankali, kada ya karye.

Alhamis, da hantsi

Sarkin tasha ya zo da kansa, da Atiku da wasu 'yan layi a bayansa. Na shimfiɗa musu tabarma. Ya yi magana mai daɗi, ba zan ce bai yi ba. Ya ce hanya ta yi sauƙi, rakiya tana nan, mutane suna wahala, randar nan ta wuce ta gidanmu ta zama ta gari.

Na ce, "Ranka shi daɗe, in na tada ta, na ce ma mutane ku taho. Na taɓa ce musu haka."

Ya ce, "Hajiya Kande, wanga ba laihinki na ba. Ƙaddara ta."

Na ce, "Na ji. To cikinku wa za shi dahwa Alƙur'ani shi ce hanyar ga lahiya take gobe? Shi dahwa, in tada ta yanzu gabanku."

Kowa ya dubi tabarma. Atiku ya ce ai ba a rantsuwa a kan gobe. Na ce to abin da kuke so randa ta yi ke nan.

Sun tashi ba daɗi. Na san ana cewa tsohuwar nan taurin kai gare ta, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Su faɗa. Su ba su ga yadda matar nan mai goyo ta cika gorarta a randar ba, tana ce mini sai sun dawo.

Juma'a, da sassafe

Na zo na tarar wani ya tada ta kafin in iso. A bushe, ko ɗigo babu. Na sake kife ta. Ban tambayi kowa ba, Jabir kuma bai ɗago ya gaishe ni ba.

Lahadi, da azahar

Is'haƙa ya fito. Is'haƙa ya fito. Is'haƙa ya fito.

Lahadi, bayan la'asar

Ɗazu murna ce ta hana ni rubuta fiye da haka. Naja'atu ce ta aiko ɗan acaɓa musamman. Is'haƙa yana asibiti a Isa, ta gan shi da idonta, ƙafafunsa ne suka ji jiki amma ya gane ta. Shi ne na ƙarshe. Duk wanda ya shiga motar nan yanzu yana hannun danginsa. Na yi sujada a tsakiyar rumfa, goshina ya kwashi garin ƙuli.

Na rarraba dakuwar da ta rage sadaka, wadda ba ta lalace ba. Jabir ya zo ya ce, "Gwaggo, barka." Na ce barkanmu. Muka tsaya muna kallon titi kamar ba mu taɓa faɗa ba.

Litinin, da yamma

Daɗin yana nan, amma wani abu ya biyo shi. Yanzu Is'haƙa yana da bakin magana. Me zai ce in an ambaci sunana? Yaron da yake kirana Inna, yake kawo mini sabulun ƙetare in ya tashi zuwa. Ya kamata in je in duba shi. Na ɗaura gyale sau biyu na kwance.

Talata, bayan azahar

Na aika wa Naja'atu na yarda. Ranar kasuwa ta sama Nasiruddeen ya turo mota a kwashe ni.

Abin mamaki, da na faɗa sai na ji sakayau. Ba sauran cika randa, ba sauran kife ta, ba sauran bin mota da ido. Zan zauna in yi renon jika in yi ƙiba. Mai cajin waya ya yi yadda ya ga dama da ƙofar rumfa.

Asabar, da hantsi

Ina ta ɗaure kaya. Faifai a buhu, zuma a kwali. Cukun Maryamu na rasa yadda zan yi da shi.

Jabir ya leƙo ya ce in zan tafi in bar musu randar. Na ce in bar ta wa ya riƙa yi wa mutane alkawari da sunan ubana? Ya ce to in tafi da ita. Na ce a Isa wa ya san ta, tukunya ce kawai. Ya ce, "To hwasa ta za ki yi?" Na ce ya tafi ya ba ni wuri.

Na daɗe tsaye a kanta. Har yanzu akwai alamar sumunti a gefen da babana ya like lokacin da jaki ya ture ta.

Ranar kasuwa, bayan la'asar

Bari in rubuta tun ban manta komai ba.

Da hantsi kayana suna ɗaure a ƙofa, ina jiran motar Nasiruddeen. Sai babur ya tsaya. Wanda ke baya ya daɗe kafin ya sauko, ɗan acaɓan yana riƙe da shi. Mutum ne siriri cikin riga da ta yi masa yawa, ƙafafu naɗe da bandeji cikin silifa, da sanda. Sai da ya ce, "Inna, ina kwana," na gane shi.

Na ce, "Is'haƙa, kai ne?" kamar wata sakarya. Na jawo masa benci. Na soma cewa ya yafe mini, ban ma san yadda na jera maganar ba.

Ya ce, "Inna, ƙishirwa nika ji."

Na ruga ciki na ɗebo na jarka. Ya dubi kofin bai karɓa ba.

Ya ce, "Ba wanga ba. Can inda nike, irin wanga ma ba mu samu. In na rumtse ido ba gida nika gani ba, Allah shi gahwarta mani, randar ga nika gani, da sanyin moɗa ga haƙori. Na ce in Allah ya hisshe ni, nan za ni hwara zuwa. An sallame ni yau, Maraɗi za ni, na ce a biyo da ni. Sai in iske ta haka?"

Na ce, "Ita ta ce maka hanya lahiya. Ni na cika ta."

Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. Ya ce, "Inna, ni da nika bin hanyar ga kullum, randa za ta gaya mani halinta? Na san yadda take, kowa ya sani. Na tahi don ina da iyali, su ma hwasinja suna da inda za su. Mu direbobi mu munka ɗora mata wanga zance don mu samu abin kwantar da rai. Malami don mai ƙishirwa ya aje ta. In kin ji wani abu, ki kihe, mu gode. In ba ki ji ba, ki ba mu ruwa, sauran ki bar ma Allah."

Na ce, "In an sake hwa?"

Ya ce, "In an sake, gara mutum shi tahi da ruwa cikinai. Ni na sani."

Ya ajiye sanda ya dafa gindin randa zai tada ta. Ko motsi ba ta yi ba, shi ya kusa faɗuwa. Na riƙe shi na ce kai wane irin mahaukaci ne, zauna. Sai na ga hannuna a kan randa. Ban san lokacin da na yanke shawara ba. Na ƙwala wa Jabir kira, ashe yana bayana tun ɗazu. Muka tada ta mu biyu, Is'haƙa yana ba da umarni kamar ana fitar da mota daga laka. Wata kunama ta fito daga ƙarƙashi, Atiku ya bi ta da takalmi.

Na wanke ta ciki da waje, na turara ta da kajiji yadda innata take yi. 'Yan garuwa biyu suka juye mata ruwa, suka ƙi karɓar ko sisi. Randar da ta daɗe a bushe sai ta sha nata kafin ta ba wani, don haka muka zauna jiran ta yi gumi. Is'haƙa ya ce ba inda za shi. Jabir ya kawo masa kilishi, ya gutsura ya ce, "Har yanzu dai ba ka tausaya ma haƙoran mutane." Duk layi aka kwashe da dariya, Jabir ya fi kowa.

Ana cikin haka motar Nasiruddeen ta iso, Naja'atu a gaba. Ta sauko ta dubi kayana a ɗaure, ta dubi randa tana baƙi tana sheƙi, ta dubi Is'haƙa da moɗa a hannu. Na shirya faɗa. Sai ta ce, "Inna, kin dai san ba ni iya zuwa nan in haihu." Na ce za ni zo in yi mata wankan jego, Jabir ya riƙa cika randa kafin in dawo. Jabir ya ce ko da hawayensa ne zai cika ta. Ta yi ƙwafa, ta karɓi moɗa daga hannun Is'haƙa ta sha, ta sa yaron mota ya kwance mini buhun faifai.

Is'haƙa ya sha moɗa uku. Ta farko a tsaye, ido rufe. Ban kalle shi ba, na ba shi wuri.

Wajen azahar wata motar ƙetare ta zo ta rage gudu yadda suka saba. Direban ya leƙo. Na ga bakinsa ya buɗe. Ya kashe mota a tsakiyar titi ya fito da gudu ya rungume Is'haƙa, fasinja suka sauko suna salati. Mata ne, biki za su a Isa. Suka yi layi a kan randa. Wata tsohuwa ta ɗauki cukun Maryamu ta shinshina, ta ce, "Madam, wanga ya kwana biyu." Na ce gaskiya ta faɗa, na rage mata. Na yi kewar a raina mini kaya.

Ba su sayi da yawa ba. Mota ɗaya ce, kuma Naja'atu ba ƙarya ta yi ba, ba za a koma kamar da ba, ba bana ba. Amma Atiku ya shiga ciki ya fito da malfa biyu ya rataye a waje.

Suka shiga mota. Suka bi bayan rakiya, hanyar Gatawa, motar su Naja'atu a bayansu. Wata yarinya a kujerar baya tana ɗaga mini gorar da ta cika. Na tsaya har suka ɓace. Is'haƙa ya gaya wa direban ya aiko da saƙo ta motar da za ta dawo, sannan aka ɗora shi a wata ya wuce gida.

Yanzu ina zaune. Ban kwance sauran kayan ba. Kowace ƙara na ji sai na miƙe.

Ranar dai, gab da magariba

Motar Isa ta ƙarshe ta shigo. Direban bai tsaya ba, ya fito da kai ta taga ya ɗaga murya, "Inna Kande, sun isa! Duka!"

Na leƙa randa, saura kaɗan a gindi. Na gaya wa ɗan garuwa ya zo da sassafe.